Garin da aka riga aka niƙa, me ya sa muke ta mayar da shi inji?

Daren shekaranjiya har kusan kiran assalatu ina ofis a nan Jidda ina kallon diskin sabar ɗaya yana cika, kuma wallahi ba wani sabon data ne ya shigo da yawa ba, compaction ne kawai, wato aikin haɗa ƙananan fayiloli su zama babba, ke ta cin wuri.

Mu aikinmu ajiye bayanan wuraren da motocin masu Umra suke tsakanin Jidda, Makka da Madina. Kowace mota tana turo inda take ta GPS, kuma abin da aka rubuta ya zauna kenan, ba gyara ba gogewa. Cassandra, wata manhajar ajiye bayanai, muke amfani da ita. Ita ba ta taɓa fayil ɗin da ta sauke a diski, wato SSTable, sai dai ta riƙa haɗa ƙanana su zama babba. Tsarin compaction ɗin da na tarar, STCS, mai haɗa fayiloli bisa girmansu, da ya ga fayil 4 masu kusan girma ɗaya sai ya haɗe su, shi ma sabon wata rana a sake haɗe shi da wasu, haka dai ake ta niƙa gari ɗaya, kuma kafin a goge tsofaffin sai an gama rubuta sabon, shi ya sa ake son rabin diski ya zauna fanko. Wannan haɗin yana da amfani in ana canza bayanai, don a nan ake tace tsofaffin da aka canza, amma namu me za a tace a ciki?

Mudir ɗinmu, wato manajanmu, ya ce a kashe compaction ɗin gaba ɗaya. Na ce ranka ya daɗe, in fayiloli suka taru barkatai karatu zai yi nauyi.

TWCS na koma, tsarin da ke haɗa fayiloli bisa lokacin da aka rubuta su. Na ba kowace rana tagarta, wato nata rukunin fayiloli, in rana ta wuce a haɗa fayilolinta sau ɗaya a bar su su huta. Na sa TTL, wato wa'adin zaman data, na kwana 30, in wa'adi ya cika kuma kwana 10 na gc_grace, wato jinkirin da ake yi kafin gogewa, suka wuce sai a goge fayil ɗin ɗungurungum, ba sai an bi layi-layi ba.

Abin da ke damuna yanzu motar da network ya yanke mata a hanyar Madina, ta zo ta turo na jiya yau. Tsohon data ya shiga fayil ɗin yau, ya cakuɗa tagogin. Shi zan zauna a kai gobe in Allah ya kai mu.