Takardar da maigida ya maƙala a ƙofa

Ina shekara ta biyu da fara koyon gyaran firigo a Damagaram, wani Alhaji mai sayar da kifi da kaji kusa da kasuwar Dole ya kira maigidana. Ɗakin sanyinsa ya ƙi sauka zuwa digiri 18 ƙasa da sifili, kuɗin kuran, wato wutar lantarki, kuwa sai hauhawa suke yi. Watan Afrilu ne, zafi ya haura digiri 40. Tun a hanya na yanke hukunci a raina: inji ya yi ƙarami, sai an sayo babba.

Maigida ko kallon injin bai yi ba. Ya ce, "Yaro, miƙo mini takarda." Ya maƙala ta a bakin ƙofa, ya rufe, ya ja. Sai ga ta ta zare ba ko tirjiya. Robar ƙofar ta bushe ta tsattsage, iska mai zafi na kutsawa dare da rana. Damshin da ke cikin iskar shi ke daskarewa a jikin bututun sanyi, ƙanƙara ta toshe hanyar fanka, inji ya yi ta gudu ba hutu. A waje kuma ƙurar hunturu ta lulluɓe ragar da ke fitar da zafi, ga rana na dukanta.

Muka sauya roba, muka narkar da ƙanƙarar, muka wanke raga muka yi mata rumfa. Kafin la'asar inji ya fara tsayawa da kansa.

Daga baya na karanta cewa a Amurka waɗannan ƙananan abubuwa doka ce. Dokar makamashi ta 2007 ta wajabta, daga Janairun 2009, irin waɗannan ɗakuna su zo da ƙofa mai rufe kanta, da labulen roba ko makamancinsa a mashiga, da bango mai hana zafi ratsawa. Har fitilar ciki sai da suka sa mata ƙa'ida, domin ita ma zafi take haifarwa. Abin ya taɓa ni ƙwarai. Su doka ke tsare musu, mu kuwa a nan kowace kafa da aka bari, daga aljihun ɗan kasuwa ake biyanta, musamman ranar da aka ɗauke wuta aka koma ƙona gazuwal.

Labulen ne har yau ke ba ni wahala. Yaran shago kan ɗaure shi gefe don yana dukan fuskarsu idan sun ɗauko kwali. Duk inda na tarar da haka sai na kwance shi, in samu mai wurin in ce, "Alhaji, don Allah a yi musu magana."