Da Ƙaramin Jirgi a Kogin Tems: Awa Huɗu da Ruwa Ya Ba Ni

Wanda ya saba tuƙa jirgi a tafki, inda ruwan da ya bari da safe shi zai tarar da la'asar, sai ya sake lale in ya zo Kogin Tems a Landan. Daga teku har ƙofar ruwa ta Teddington, kogin nan cikowa yake yi ya janye sau biyu tsakanin dare da rana. A tsakiyar birni, tazarar cikarsa da janyewarsa kan kai mita 7 a kwanakin tsayuwar wata da tsakiyarsa, kuma kullum lokacin cikar na ja baya da kusan minti 50. Shi ya sa tun kafin in duba mai, jadawalin ruwa nake fara buɗewa, in nemi sa'ar da zan fitar da jirgin daga ruwa. Daga ita nake lissafo sa'ar shiga.

Jirgina ƙarami ne, mai inji a baya, motar gida ce ke jansa a tirela. A gangaren Putney nake saukar da shi, saura kamar awa biyu ruwa ya cika. A lokacin ruwan ya riga ya rufe ƙasan gangaren, inda gansakuka da laka suke, don haka tayoyin mota na kan busasshen wuri. Duk wani shiri a gefe nake gamawa: in kwance madaurai, in cire allon fitilun tirela, in toshe ramin zubar da ruwa, in ba boris ɗin tayoyi lokaci su huce, don in suka shiga ruwan sanyi da zafinsu sukan zuƙi ruwa su lalata giris. Wurin cike yake da ƙungiyoyin masu tseren kwale-kwale, daga nan ne ma ake fara tseren jami'o'in Oxford da Cambridge. Ka tare musu hanya kana neman igiya, za ka sha kallo.

Motar kuwa can nesa nake kai ta. In ruwa ya yi babbar cika, har kan titin bakin kogin yake hawa. Na taɓa ganin wata jar mota, ruwa ya kai mata ƙofa, agwagwa na iyo a gefen madubinta.

In na nufi sama, ruwan ne ke tura ni, injin ɗan taimako kawai yake yi. Hukumar Tashar Jiragen Ruwa ta Landan ta ƙayyade gudu daga gadar Wandsworth zuwa sama, bai wuce kimanin kilomita 15 a awa ba, amma abin da ya fi damun mutanen kogi shi ne igiyar ruwan da kake tayarwa a baya. Kwale-kwalen tsere siriri ne, ɗan kaɗawa ya isa ya kwarara masa ruwa, ga shi masu tuƙinsa baya suke bai wa inda suka nufa. Kai ne mai ido, kai za ka sassauta. Ƙa'ida ita ce kowa ya riƙe damarsa, sai dai a wannan yanki, masu tsere in suna gaba da ruwa bakin gaɓa suke bi, wani lokaci ta hannun da ba ka zata ba.

Bayan gadar Hammersmith, wadda ƙasa-ƙasa take in ruwa ya cika, sai Barnes, sai Kew, birni ya koma itatuwa. A Richmond akwai shingen ruwa da aka buɗe a 1894 don kada kogin ya ƙafe daga can zuwa sama. Ana ɗaga ƙofofinsa kimanin awa biyu kafin cika zuwa awa biyu bayanta, ka wuce salin-alin. In ka makara, sai ta ɗakin ɗaga jirage, wato wani wuri mai ƙofofi da ake cika shi da ruwa ko a rage don ɗaga jirgi ko saukar da shi, ka jira, ka biya. Ni da na ga ruwa ya tsaya cak, ganyen da ke kai ya daina tafiya, sai in juya in biyo janyewar zuwa Putney.

Ƙasa da Wandsworth wata duniya ce. Manyan jiragen fasinja masu gudu na kai da kawowa, igiyarsu na dukan bangon kogin tana dawowa, tsakanin Westminster da gadar Tower sai ka ga ruwa na tafasa ta ko'ina, balle iska ta yi gaba da ruwa. Ba a matsawa kusa da ginin majalisa ƙasa da mita 70. Doka ba ta tilasta wa jirgi irin nawa riƙe oba-oba ba, amma ina barinta a tasha ta 14, don a nan nake jin wa ke tahowa kafin ya ɓullo daga bayan gada. Bakin gadar da aka rataya wa jajayen faifai uku a rufe yake. In kuma ana aiki har tsayinsa ya ragu, damin ciyawa ake ratayawa, tsohuwar doka ce da har yau ake bi. Nan ne nake ajiye anga a gabana, igiyarta a warware. Leda ko guntun igiya kan naɗe farfela ba sallama, kuma jirgin da injinsa ya mutu, ruwa ba ya ɓata lokaci wajen kai shi jikin ginshiƙin gada ko ƙarƙashin wani jirgin da ke ɗaure. Rigar ruwa da igiyar da ke kashe inji in na faɗa ruwa ba sa barin jikina.

Fitarwa ita ce aikin. Ruwa na janyewa, yana ratsa tirela ta gefe, in ka tunkare ta kai tsaye sai ya karkatar da bayan jirgin. Nakan wuce gangaren kaɗan, in juyo ina fuskantar ruwa, in taho a hankali in miƙa wa abokin tafiyata igiyar gaba. Shi yana tsaye cikin ruwa da dogayen takalman roba, ni in riƙe baya da wata igiyar har a maƙala ƙugiya. Ba ma tsayawa hira, don minti goma ya isa ruwa ya sauka ya bar tirelar a waje, a sake yin ribas zuwa inda santsi yake.