Asabar a barga, bakin teku

Motar harawa ta iso daga Kano tun kafin assalatu, don haka barcin asuba bai yiwu ba. Baba, wanda shi ne babba a cikin masu kula da dawakinmu, ya cusa hannu cikin dami ya shinshina, ya ce, "Manaja, na ƙasan nan sun sha ruwa a hanya." Direba ya yi ta rantsuwa, amma ban karɓi waɗanda suka yi fumfuna ba. Doki ba ya amai, abin da ya shiga cikinsa ya shiga ke nan, kuma ciwon ciki kan kayar da ingarma a dare ɗaya. A Legas ko harawa mai kyau ka ajiye, laimar iska tana bin ta har cikin sito, sai ka ɗora ta a kan katako kana juyawa.

Mutanen gida in suka ji ina riƙe da wurin hawan doki na 'yan hutu a yankin Ibeju-Lekki, gani suke kullum ina kan sirdi ina kilisa. Ina! Yau ban sa ƙafa a likkafa ba. Lissafin dusa da dawa da kanwa, albashin yara, man janareto, sai kuma amsa wayar baƙin da cunkoson manyan motocin hanyar Lekki zuwa Epe ya riƙe.

Da hantsi wasu samari suka zo daga Ikoyi. Ɗaya ya nuna Akawali ya ce shi yake so, kuma sukuwa zai yi abokinsa ya ɗauke shi bidiyo. Na tambaye shi ko ya taɓa hawa, ya ce sau da yawa a bakin ruwan Elegushi. Wato dai an ɗora shi, yaro ya riƙe ragama ya zagaya da shi. Akawali tsohon dokin folo ne, wato wasan ƙwallon dawaki, ya saba da juyin gaggawa, kana ɗan karkata jiki ya riga ya juya, kai kuma kana ƙasa. Na ce, "Yallaɓai, Danda za ka hau, kuma da hular kwano." Ya ɓata rai, ya ce kuɗinsa ne. Ya hau Dandan dai, bayan minti 20 ya sauko yana tafiya a tattale, bai ƙara maganar sukuwa ba.

Rigimar gaske da mai wurin aka yi ta. Ya kira da azahar, wai ya ji an mayar da baƙi. Haka ne, daga 12 zuwa 4 ba na bari a ɗaura wa kowane doki sirdi. Zafin nan ba irin na Arewa ba ne da gumi ke bushewa nan take. Nan gumin zama yake a jikin dabba, ba ta huce ba. Ga yashi. Busasshen yashi mai zurfi yana cin jijiyar ƙafa, shi ya sa nake jiran ruwa ya janye mu bi jiƙaƙƙen gefe mai tauri. Na ce, "Ranka ya daɗe, in bayan doki ya yi gyambo, wata guda ba mai hawansa, abinci kuwa zai ci gaba da ci." Ya ce Disamba na tafe, masu dawowa daga Ingila da Amurka za su cika gari, in yi tunani. Shi kuɗin ƙofa yake ƙirgawa, ni kuma awannin da kowane doki ya yi da mutum a bayansa.

Doki baƙo ne a nan Kudu kamar mu. Ƙudan tsando da cutar sammore su suka hana shi zama a kurmi tun zamanin da. Duk da haka kulob ɗin folo na Ikoyi yana nan tun 1904, kuma in ka shiga bargar wurin Hausa za ka fi ji. A can Baba ya yi ƙuruciyarsa, shi ya sa ba na musu da shi a kan kofato.

Da la'asar wani Alhaji daga Agege ya kawo 'ya'yansa, haifaffun nan, waɗanda ba su san hawan Sallah ba sai a waya. Ƙaramar ta ƙi hawa, ta ce ita dai za ta ba Kili abinci. Baba ya koya mata ta buɗe tafin hannu sosai kada ya haɗa da yatsu. Uban kuwa ya karɓi linzami, daga zamansa na gane ɗan gidan dawaki ne, sai na ce a sakar masa.

Bayan magariba muka wanke ƙafafunsu da ruwan rijiya saboda gishiri, muka shafe sirada da mai. Wata goɗiyarmu ta bar rabin dusarta, kuma cikin idonta ya yi fari. Na kira likitan dabbobi, ya ce sai Litinin zai zo ya ɗebi jini. Na cire ta daga jerin hawan gobe, mai wuri kuma bai sani ba tukuna.