Ƙanƙarar da Ba a Saya: Yini Guda a Kan Ben Nevis

A Kano ƙanƙara kuɗi ce. Duk wanda ya yi azumi a lokacin zafi ya san layin la'asar a ƙofar masu firiza, a sayi dunƙule guda, a naɗe a buhu, a ruga gida kafin ya zama ruwa. To ni wannan ƙanƙarar kaɗai na sani, sai da Autanmu da ke karatu a birnin Gilasgo na Birtaniya ya kira ni ya ce, "Yaya, tunda zuwanka ya faɗo farkon Mayu, lokacin bazara ne a nan, sai mu hau dutsen da ya fi kowane tsawo a Birtaniya."

Kalmar bazara ce ta yaudare ni. Bazararmu ita ce wadda zafi ke haura 40, mutum ya kwana a tsakar gida yana fifita. Na ɗauka tasu ma ko ba ta kai haka ba, ai sanyi ya tafi. Shirin da na yi bai wuce hawa Dala bayan sallar asuba na mako biyu ba, sai rigar sanyi ta gwanjo da na saya a Ƙofar Wambai. Har cika baki na yi wa Auta: Ben Nevis mita 1,345 ne kawai, alhali Chappal Waddi da ke Taraba ya kai 2,419. Abin da ban lissafa ba shi ne, Dala mintoci kaɗan ake yi a kai samansa saboda birnin kansa a kan tudu yake, shi kuwa wannan dutsen daga dab da bakin teku ake fara hawansa. Kusan kowace mita daga cikin 1,345 ɗin nan ƙafarka ce za ta biya.

Jirgin ƙasa ya kai mu Fort William, garin da ke gindin dutsen, cikin kusan awa huɗu, muka kwana. Ƙarfe bakwai na safe muna kwarin Glen Nevis, a bakin hanyar hawa dutsen. Ciyawa kore shar, tumaki da 'ya'yansu, rana ta fito. Kafin awa guda na jiƙe da gumi, na tuɓe rigar gwanjo na ɗaura a ƙugu, ina ta yi wa Auta tsiya kan jakar da ya lafta wa bayansa kamar mai tafiya fatauci. Bai tanka ba.

Mun wuce wani ɗan tafki da ake ɗauka a matsayin rabin hanya, muka tsallake rafin Red Burn, daga nan hanya ta shiga lanƙwasa, a yi dama a yi hagu a cikin tsakuwa da duwatsu. A nan iska ta canza. Kusan duk mita 1,000 da ka hau, zafi na raguwa da digiri shida ko fiye, ga iska kuma da ke ƙara masa kaifi. Na mayar da rigata ba tare da na kalli Auta ba.

Dusar ƙanƙarar da muka fara takawa ba irin ta talabijin ba ce mai laushi kamar auduga. Tsohuwa ce, ragowar hunturu. Da rana ta ɗan narke, da dare ta sake daskarewa, har ta koma kamar tsakin masara da aka jiƙa ya sandare. Inda mutane suka yi ta bi kuwa ta goge ta zama gilashi. Taku na uku na ji ƙafata ta tafi, sai ga ni zaune, ina sulalewa kamar yaro a kan kwali. Allah Ya sa wurin ba gangara sosai. Auta ya buɗe jakar nan da na raina ya fito da wasu sarƙoƙi masu ƙananan ƙusoshi da ake ɗaura wa takalmi, ya durƙusa ya ɗaura mini, ya miƙo safar hannu. "Yaya, ka riƙa dasa ƙafar gaba ɗaya, kada ka taka da yatsu." Yaron da na goya ne yake koya mini tafiya. Muna cikin haka wata dattijuwa, a ido ta girmi Hajiyarmu, ta zo da sanduna biyu ta gaishe mu ta wuce abinta.

Saman dutsen shimfiɗaɗɗe ne, kuma a nan haɗarin yake. Gajimare ya sauko ya rufe mu. Mun san hazo a Kano, amma hazon hunturu yana barin ka ga ƙasa. Wannan kuwa sama fari, ƙasa fari, ba ka san inda ɗaya ya ƙare ɗaya ya fara ba. Hanyar ta nutse a ƙarƙashin ƙanƙara, sai tulin duwatsu da aka jera don shiriya, ka kai ga ɗaya ka tsaya ka lalubi na gaba da ido. Na ga sawun mutane ya yi hagu, na bi, sai na ji Auta ya daka mini tsawa irin wadda bai taɓa yi mini ba a rayuwarsa. Ashe ta wannan ɓangaren arewa dutsen a yanke yake, rami ne na ɗaruruwan mitoci, kuma iskar hunturu kan tara dusar ƙanƙara ta yi leɓe a bakin ramin, ta miƙe a kan iska ba komai a ƙarƙashinta. Kamar rufin soro ne da gara ta cinye azararsa: daga sama lafiya lau, sai ka taka. Ban yi fushi da tsawar ba. Gwiwoyina ma ba su bar ni ba.

Wajen ƙarfe sha biyu muka isa ƙololuwa. Akwai kufan wani gini da ya leƙo daga cikin ƙanƙara, tashar nazarin yanayi ce da ta yi aiki daga 1883 zuwa 1904, kuma hanyar da muka biyo ma dominta aka yi, don dawakai su riƙa kai kaya. Wai mutane sun zauna a nan rani da hunturu suna auna iska da sanyi kowace awa. Ni minti ashirin na yi na ji ya ishe ni. Dabinon da na zo da shi daga gida ya yi tauri kamar tsakuwa, wayata ta mutu da sauran caji saboda sanyi, shayin filas ne kaɗai ya yi mini rana. Auta ya fito da taswira da kamfas, ya ƙirga taku kafin ya karkata, domin masu saukowa cikin gajimare sukan kauce wa ramin arewa su faɗa wani kwazazzabo ta ɗaya gefen.

Saukowa ta fi hawa wuya. Ƙanƙarar da ta yi tauri da safe ta saki, ka taka ka nutse har ƙwauri, ruwa ya cika takalmi. A kusa da tafkin nan muka yi alwala da ruwan rafi, wanda har yau in na tuna sai haƙorana su amsa, muka haɗa azahar da la'asar. Tafiyar duka kusan kilomita 17 ce, ta ci mana awa takwas da rabi. A ƙasa kuwa rana ƙwal, yara na wasa da 'yan riguna marasa hannu.

Da na dawo Kano na je gaida Hajiya, an ɗauke wuta, tana zaune a zaure da mafici. Na kwashe labari kaf na ba ta, har da faɗuwar da tsawar Auta. Ta saurara, sannan ta ce, "To da kuka kai saman, me ka gani?"

Na ce, "Hazo, Hajiya."

Ta ɗan yi shiru tana fifita. "Ikon Allah. Hazon ne sai ka je Turai?" Sai ta ciro kuɗi daga bakin zane ta ce in aiki yaro ya sayo ƙanƙara.