Sana'ar tayar da motar da ta durƙusa

Kiran da ya fi kawo mini aiki yakan shigo ne bayan sallar asuba. Direban wani babban mutum ne a waya, murya na rawa: "Oga, mota ta zauna." Ba sai ya yi mini bayani ba. Jiya da dare ya ajiye ta a tsaye lafiya lau, yau ya fito da bokitin wanki ya tarar ta durƙusa kamar raƙumin da za a ɗora wa kaya, taya ta shige cikin jikin mota, ga maigida ya ce ƙarfe takwas za su kama hanyar Bauchi. Abu ɗaya nake fara tambaya: ƙafa ɗaya ce ta sauka, ko gaba ne, ko duka huɗun? Daga amsarsa nake sanin kayan da zan jefa a jaka.

Ƙaramin gareji gare ni a nan Gombe, da rami ɗaya, da rumfar kwano, da yara biyar. Aikinmu ƙafar mota ne, musamman manyan motocin nan da ke tafiya a kan iska maimakon sifirin. A kan Pijo 504 na koyi kanikanci, lokacin Gombe na ƙarƙashin Bauchi. Wancan zamanin ƙafar mota ba ta da wani sirri, sifirin ne da shakazoba, in sun gaji ka cire ka sa wasu. Da aka ba mu jiha a 1996, gari ya fara cika da manyan ma'aikata da 'yan kwangila da 'yan siyasa, motoci ma suka canza. Sai ga Marsandi, sai ga Range Rover, kuma duk wadda ƙafarta ta sami matsala sai an ɗora ta a bayan babbar mota an kai Abuja ko Kaduna. Ganin kuɗin da ke fita daga garin ne ya sa na rufe shago na tafi Apo a Abuja, na koma yaron wani da girmana, har hannuna ya faɗa.

Masu motocin da yawa ba su san abin da ke ƙarƙashinsu ba, sun dai san daɗinsa. A kowace ƙafa akwai jakar roba mai kauri da aka saƙa zare a cikinta, yarana na ce mata balan-balan. Ita ke ɗauke da nauyin mota. Akwai kwamfiresa mai hura iska, da tankin ajiya, da siraran tiyo da ke kai iskar ga kowace jaka, da akwatin bawul mai buɗewa da rufewa. Sannan ga sensa mai ɗan hannu da ke auna tsayin mota daga ƙafa tana gaya wa kwamfuta. Dabarar ba ta yau ba ce, tun 1957 Cadillac ta sa ta a wata motarta a Amurka. Amma irin wadda muke fama da ita, mai aiki da kwamfuta, Range Rover ta fito da tata a 1992, Marsandi kuma ta kawo tata mai suna Airmatic a kan S-Class ta 1998.

Inda daɗin yake shi ne nan. Sifirin na ƙarfe ƙarfinsa ɗaya ne tun daga masana'anta. In aka yi shi da laushi don mutum ɗaya ya ji daɗi, ranar da aka cika mota da iyali da kaya sai bayanta ya zauna, kowane rami ka ji ƙarfe ya daki ƙarfe. In aka yi shi da tauri don kaya, ranar da kake kai kaɗai sai ya riƙa wurgi da kai. Iska ba ta da wannan matsalar. Da an ƙara nauyi, sensa ta ga mota ta sauka, kwamfiresa ya ƙara iska, mota ta koma tsayinta, laushinta kuma kusan yadda yake. Akwai wani Alhaji mai gonar shinkafa a wajen Dadin Kowa da yakan ce mini, ko shi kaɗai ne ko da buhu uku a but, tafiyar ɗaya ce. Shi wannan da kofin shayi yake gwada aikina. In na gama gyara sai ya zauna a baya da kofi a hannu, ya ce wa direba a je. In shayi ya taɓa masa babbar riga, a dawo.

Sai dai mutane na haɗa abu biyu. Jakar iska nauyi take ɗauka. Abin da ke hana mota ta yi ta lilo bayan ta wuce rami shakazoba ne, kuma shi ne madannin nan na Comfort da Sport, na zaɓen laushi ko tauri, ya fi taɓawa, yana matse hanyar man da ke cikinsa ko ya saki. Sau da yawa mutum zai zo ya ce a canza masa jaka saboda mota na rawa kamar kwale-kwale, alhali jakar lafiyarta ƙalau, shakazoba ne ya mutu. Haka nan madannin ɗaga mota. An yi shi ne don ka tsallake kwari, ko yashi, ko waɗannan tudun rage gudu da ake ginawa a unguwanni kamar katanga, kana tafiya a hankali. Wasu samari sukan so su yi ta yawo da ita a ɗage don ta fi cika ido. A ɗage tafiyar ta fi tauri, kuma da ka taka wuta ita da kanta za ta sauko. A kan babbar hanya ma ƙara saukowa take yi kaɗan don ta kama ƙasa.

Abin da ke ba ni haushi kuwa shi ne rim. Mutum ya sayi mota mai tafiya kamar katifa, ya cire ƙafafunta na asali, ya sa rim inci 22 da taya siririya kamar an shafa kwalta a jikin ƙarfe, mai faci kuma ya dunƙula mata iska son ransa. Sannan ya zo ya ce mini mota ta daina daɗi. Taya ce ke fara shanye ƙananan duwatsu da tsagar titi kafin su iso ga jaka. In babu nama a jikinta, duk kuɗin da ke ƙarƙashin motar ba zai hana ka jin su a ƙugunka ba.

Yawancin motocin da ake kawo mini a mace, ba rana ɗaya suka mutu ba. Robar jakar tana naɗewa ne a kan wani ƙarfe, tana birgima sama da ƙasa duk motsin da mota ta yi. A wannan lanƙwasar take fara tsagewa. Ga zafin Gombe na watan Maris da Afrilu da ke busar da roba, ga yashi da ke shiga lanƙwasar yana gurzar ta. Sai ta fara yoyo ɗan kaɗan. Da safe direba ya ga gefe ɗaya ya ɗan sauka, musamman lokacin hunturu da sanyi ke ƙanƙance iska ya taurara roba. Ya tayar da inji, kafin ya gama goge gilashi ta miƙe. Sai ya yi shiru, don in ya faɗa wa maigida, shi za a ce ya lalata. Ɗan hakin da ka raina ke nan. Kwamfiresan da aka yi don ya yi aiki na ɗan lokaci ya huta, yanzu ya koma aiki ba tsayawa, yana cika tulun da ke zuba. Ya yi zafi, zoben fistinsa ya cinye, wani lokaci rilensa, wato makunnin da ke ba shi wuta, ya manne ya ƙi sakinsa har sai ya ƙone ko ya shanye batir.

Akwai kuma wata ɓarnar da ba a gani. A jikin kwamfiresa akwai ɗan gwangwani cike da ƙwayoyi masu tsotse danshi, irin waɗanda ake samu a kwalin sabon takalmi. In mota na saukar da kanta, busasshiyar iskar da take fitarwa ta cikinsu take bi, ta tafi da danshin. To in akwai yoyo, iska ta ɓarauniyar hanya take fita, kullum ana zuba wa ƙwayoyin danshi ba a kwashewa. Damina ɗaya ta isa su jiƙe sharkaf, ruwa ya wuce zuwa bawul, tsatsa ta kama. Aikin da jaka ɗaya za ta gama shi sai ya koma jaka da kwamfiresa da akwatin bawul.

Ina da kwamfutar duba mota, kuma tana da amfani, don ba a saita tsayi bayan an taɓa sensa sai da ita. Amma kayan aikina na farko tef ɗin awo ne da ruwan omo. Mota takan kwana a wurina. Da yamma mu auna daga tsakiyar rim zuwa bakin jikin mota a ƙafa huɗun, mu rubuta da alli a bango, mu cire fis ɗin na'urar iskar don kada ta daidaita kanta cikin dare ta ɓoye mana laifin. Da safe ƙafar da ta sauka ita ce mai magana. Sai a fesa ruwan omo, inda kumfa ta taso nan ne. In jakar lafiya take, sai mu bi tiyo har bawul. Wani yakan ji haushin a ce motarsa ta kwana a gareji, yana ganin wanda ya iya aiki take yake ganewa. Nakan ce masa, "Yallaɓai, in na canza maka abu yanzu, canki-canki na yi da kuɗinka."

Ni ma na biya kuɗin makaranta. Farkon dawowata daga Abuja na sa wa wata Marsandi sabuwar jaka, cikin gaggawa na sauke ta daga jak ba tare da na fara ba jakar iska ba. Nauyin mota ya naɗe robar a karkace. Kwana kaɗan ta fashe da mai ita a hanyar Kumo, sai da janwe aka dawo da ita. Daga aljihuna na sayi wata. Tun ranar, ko yaro ne zai sauke mota sai ina tsaye. Wani kuskuren da nake yawan gyarawa, na wasu ne: Lexus LX 470 da LX 570 suna tashi suna sauka, sai a ɗauka iska ce. Mai ne na musamman da wasu ƙwallaye masu iskar gas a ciki. An taɓa kawo mini wadda aka ɗura wa man birki a tankin, duk robobin ciki sun kumbura. GX 470 ce ke da jakar iska, ita ma a ƙafafun baya kawai.

Kayan gyara daga Ladipo a Legas nake yawan samowa, wani lokaci Apo, wani lokaci in sa a duba mini Ƙofar Ruwa a Kano. In buga waya a turo hoto, in tura kuɗi, a sa a motar haya, in aika yaro tasha. Tun da aka saki farashin naira a tsakiyar 2023, kuɗin sabuwar jaka ya zama abin da sai na gyara zama kafin in faɗa wa mai mota. Shi ya sa kowa ke tambayar ta Beljiyam. Ina sawa in an matsa mini, amma nakan faɗi gaskiya: robar da aka ciro daga motar da ta yi shekaru a Turai, sa'ar wadda muka cire ce. Tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri. Kuma in ta hagu ta tsage, ta dama na hanya, don rana ɗaya aka haife su.

Daga nan ne maganar ke zuwa inda ba na so: "Oga, cire mini wannan wahalar ka sa sifirin." Ina yi, ba zan ɓoye ba, a 'yan shekarun nan wannan aikin yana cikin masu ciyar da garejin. Wuni ɗaya an gama, a rufe bakin kwamfuta don kada ta yi ta kunna wuta a dashbod, mai mota ya huta da fargabar safiya. Akwai ma wanda ni nake ba shi shawarar haka. Ɗan kasuwar da ke bin kasuwannin ƙauye daga Dukku zuwa Bajoga, in jaka ta fashe masa a daji babu mai taimakonsa, kuma motar da ta zauna a kan ƙarfe ba ta tafiya mai nisa. Sifirin ko ya gaji zai kawo shi gida. Amma wanda zirga-zirgarsa daga GRA zuwa ofis ce, sai Abuja jefi-jefi, nakan ja shi gefe. Nakan ce, "Alhaji, me ka gani a motar nan ka bar Toyota ka saye ta?" In ya ce daɗin tafiya, sai in ce to shi kake cewa in cire. Inji zai ci gaba da shan mansa kamar da, sauran kayanta ba su rage tsada ba, laushin ne kawai ya tafi, madannin ɗagawa ya zama ado.

Wasu sukan ji, wasu su ce in yi abin da aka sa ni. Akwai wata Hajiya da ɗanta ya kawo motarta aka mayar sifirin ba da saninta ba, don ya rage kashe kuɗi. Mako bai cika ba ta zo da kanta, ko fitowa ba ta yi ba, ta sauke gilashi ta ce, "Malam, me kuka yi wa motata? Bayana ya gaya mini." Allah Ya sa ban zubar da kayan ba, don duk wanda na cire wa nakan ɗaure masa nasa a buhu in rubuta lambar mota. Muka sayi jaka biyu sababbi muka mayar.

Shi ya sa yanzu da direbobi nake ƙulla zumunci fiye da iyayen gidansu. Nakan ce musu in sun ga ta sauka ko da yatsa biyu ne, ko sun ji kwamfiresa na gurnani fiye da yadda ya saba, su kira ni, ni zan san yadda zan faɗa wa Alhaji ba tare da laifi ya hau kansu ba. In sun je wanki kuma su sa a wanke yashin da ke maƙalewa a jikin jaka, amma a yi hankali da ɗan hannun sensa, don karyewarsa ba wuya.

Yau ma akwai Range Rover a kan ramin, awonta na rubuce a bango tun jiya. Ƙafar baya ta dama ta sauka da yatsa uku, sauran suna nan yadda muka bar su. Mai ita ya aiko a sa sifirin. Na ce wa direban ya roƙa mini shi ya biyo bayan la'asar, in ɗauke shi a wata irinta da muka gama shekaranjiya, mu miƙa ta Tumfure mu sauka kan jar ƙasa mu dawo, sannan ya faɗi wanda yake so.