Godiya bayan dawowarmu daga Mambila

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, daren jiya bayan sallar isha'i muka shigo Kano lafiya, ni da ƙanena da amininmu, bayan kwana 17 a hanya. Motar ma da ƙafarta ta dawo, ba wanda ya jawo ta. Tun asuba waya ba ta huta ba, shi ya sa na ga gara in rubuto nan kowa ya sami rabonsa na godiya.

Ga waɗanda ba su san mafarin abin ba, motar ta marigayi Baba ce, Land Rover Series III doguwar nan 109, ƙirar 1978. Da ita ya yi aikin malamin dabbobi a tsohuwar jihar Gongola, tun kafin a raba ta a 1991 a fitar da Adamawa da Taraba. Muna yara babu labarin da ya fi ba mu irin na hawan dutsen Mambila. Bayan rasuwarsa motar ta shekara 11 a gindin darbejiyar ƙofar gida, masu gwangwan sun yi tayi har sun gaji. Ni dai burina ɗaya ne, in mayar da ita inda ta yi ƙuruciya.

Hajiyarmu ce farkon wadda zan gode wa. Da fari cewa ta yi ba da yawunta ba, amma ranar tafiya ita ta cika mana jaka da dambun nama da ƙuli-ƙuli da garin kunu, ta dafa bonet ta yi addu'a mai tsawo. Hajiya, Allah Ya ƙara miki lafiya da nisan kwana. Uwargida, kin riƙe gida da yara ba ƙorafi, Allah Ya saka miki da Aljanna. Sai makanikenmu da ya yi wata bakwai yana zarya Ƙofar Ruwa neman kafireto da kayan birki, ya wanke lagireto, ya tayar da injin da kowa ya fid da rai da shi.

Kwana biyu muka yi a Yankari, muka yi wanka a ruwan ɗumin Wikki, ma'aikatan wurin suka ja mana kunne kada mu bar abinci a fili saboda birai. Daga nan sai Gombe, Kaltungo, gadar Numan, Jalingo, Bali. Ƙa'idarmu ita ce la'asar na yi mu tsaya, kuma ba ma kafa tanti sai mun gaida mai gari ya nuna mana wuri. Ko sau ɗaya ba a kore mu ba. A Serti ma'aikatan gandun dajin Gashaka-Gumti, wanda ya fi kowane girma a Nijeriya, suka haɗa mu da ɗan rakiya, muka kwana uku muna girki da itace kusa da kogi. Mun gode ƙwarai.

Daga Mayo Selbe hawan ya fara. Na ja jar sandar nan ta ƙaramar giya, mota ta riƙa hawa a hankali tana gurnani, lanƙwasa bayan lanƙwasa, rami a gefe guda, dutse a ɗaya gefen. A nan ne na tuna hannun Baba a kan wannan sitiyarin, hawaye suka zo mini. Ranar ba mu tsaya da la'asar ba. Mun wuce Maisamari, ana dab da magariba, muka faɗa wani rami, sai ji muka yi ƙas! Uwar sifirin ta baya ta karye, mota ta karkace. Ga hazo ya rufe ko'ina, ga wani sanyi da ban taɓa jin irinsa ba ko a tsakiyar hunturun Kano.

Wani yaro mai kiwo ne ya gan mu, ya ruga ya kira mahaifinsa. Dattijon nan bai tambaye mu ko su wane ne mu ba. Ya sa aka kawo itace aka hura wuta, aka kawo ƙwaryar kindirmo da tuwon masara mai zafi, ya ce mu kafa tanti jikin shingensa. Da safe ya ɗora ƙanena a babur zuwa Nguroje.

Abin da ban sani ba sai da na je, a Mambila irin waɗannan tsofaffin Land Rover ba kayan tarihi ba ne, har gobe su ke ɗaukar kaya da mutane zuwa ƙauyukan da wata mota ba ta shiga. Ƙanena ya dawo da wani tsohon makanike ɗauke da sifirin da ya kwance daga wata matacciyar mota. Ya shimfiɗa buhu a kan jar ƙasa mai raɓa, ya shige ƙarƙashi, yatsunsa na rawa don sanyi, bai fito ba sai azahar. Da na ba shi labarin Baba sai ya yi shiru, ya shafa ƙofar motar. Na miƙa masa kuɗi, ya cire na ƙarfen kawai ya mayar mini da sauran. Ya ce, "Ɗana, mahaifinka ya yi wa shanun ƙasar nan aiki. Bar wannan ya zama sadaka gare shi." Baba makanike, ba ni da abin da zan biya ka da shi. Allah Ya sa ka gama da duniya lafiya.

Washegari muka bi ta gonakin shayi na Kakara muka shiga Gembu, na yi raka'a biyu a gefen motar.

Duk wanda ya kira, ko ya yi addu'a, ko ya ba mu ruwa a hanya, Allah Ya biya shi. Ina roƙon ku sa Baba a addu'a, Allah Ya jiƙansa Ya haskaka kabarinsa. Karyayyen sifirin na taho da shi, yana ɗakin Hajiya, ta ce a bar mata shi.