Abin da allurar zafi ba ta nuna wa direban Hilux

Motar da nake aiki da ita Hilux ce mai injin 1KD na lita 3, mai shan gas, giyarta otomatik. Allurar zafin da ke dashbod ɗinta da zarar ta kai tsakiya sai ta kafe a nan. Haka kamfani ya tsara ta, don kada direba ya riƙa firgita. Zafin ruwan injin zai iya tashi daga digiri 85 ya doshi 100 ba ta ko motsa ba, ranar da ta nufi ja kuwa ana dab da ƙona gasket. Shi ya sa na nemi lambobi na zahiri.

Na fara da wata 'yar na'ura mai Bluetooth da ake kira ELM327, wadda ke karanto bayanai daga kwamfutar mota. Ana soka ta a kafar OBD2 mai baki 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, a haɗa ta da manhajar Torque a waya. Masu arha sosai sukan ƙi magana da kwamfutar motar, kuma idan mota za ta daɗe a ajiye a zare ta, domin tana jan batir a hankali. Zafin ruwa, zafin iskar da injin ke shaƙa da cajin batir duk suna fitowa kai tsaye. Zafin man giya kuwa sai an shigar da lambar Toyota ta musamman a manhajar.

Tamostat ɗin wannan injin, wato abin da ke buɗe wa ruwa hanya zuwa lagireto idan ya yi zafi, yana buɗewa wajen digiri 82. A shimfiɗaɗɗen titi nakan ga 83 zuwa 88. Da kaya a baya, da esi a kunne, a hawa irin na Hawan Kibo, yakan haura 90, ba laifi muddin yana sauka bayan an gama hawan. Idan ya wuce 100 ina rage totur, in kashe esi. Yanayin da zafin ke tashi shi ke nuna inda cutar take. In a cunkoso yake hawa, ya sauka da an samu hanya, iska ce ba ta wadatar ba, a duba kulocin fanka. In kuwa a gudu yake hawa, lagireto ne ya toshe, ko ta ciki saboda ruwan rijiya da ake ɗura masa, ko ta waje. Ƙurar hunturu da ƙaiƙayi suna taruwa tsakanin lagireto da na esi da ke gabansa, inda ido ba ya kaiwa sai an kwance.

Kanikawa da yawa a nan cire tamostat suke yi, wai na ƙasashen sanyi ne. Ban yarda da wannan ba. Injin da babu tamostat yakan daɗe bai ɗumama ba, ya sha mai, ya tara baƙin hayaƙi, kuma asalin matsalar tana nan inda take.

Akwai tarko ɗaya. Ma'aunin zafin ruwa sai yana cikin ruwa yake faɗin gaskiya. Idan tiyo ya fashe ruwan ya tsiyaye, lambar za ta iya tsayawa ko ma ta sauka alhali injin yana dahuwa. Don haka duba ruwa da safe, injin yana sanyi, yana nan daram.

Wanda ya fi koya mini tuƙi shi ne ma'aunin zafin hayaƙi, da ake kira EGT. Shi daban ake sa shi: a huda manifol, wato bututun da ke tattara hayaƙin injin, kafin turbo (na'urar da hayaƙi ke juyawa don ta ƙara wa injin iska), a ɗaura tsinken ma'aunin. Na fi son a kwance manifol ɗin kafin a huda, don ɓarɓashin ƙarfe kada ya faɗa cikin turbo. In bayan turbo aka sa, lambar takan yi ƙasa da ta gaskiya da digiri 100 ko fiye. Zafin ruwa minti yake ɗauka kafin ya canza, wannan kuwa nan take. Ba na barinsa ya daɗe sama da 650. Abin da ya fi ɗaga shi shi ne hawa tudu da babbar giya, injin yana nishi, ƙafa tana ƙasa. Da na sauko giya ɗaya, juyin injin ya haura 2,500 a minti, sai lambar ta faɗo. In ya riƙa yin sama fiye da yadda ya saba a hanya ɗaya da kaya iri ɗaya, filtar iska nake fara dubawa, sai tiyon turbo ko yana fitar da iska, sannan nozul masu feshin mai. Bayan doguwar tafiya ina barin injin a silo har ya sauka ƙasa da 200 kafin in kashe, don kada baƙin mai ya ƙone a cikin turbo.

Man giya 80 zuwa 90 yake so, yana kaiwa 120 ya fara lalacewa da sauri, musamman in ana jan tirela ko ana fama da yashi. Caji kuma tsakanin bolt 13.5 da 14.5 idan injin yana aiki. In ya yi ƙasa da 13 a fara da fambel, don shi ne kuma ke juya famfon ruwa.